Ranar da Mama Ta Wanke Gawayi

Ko na tsufa haƙora sun zube, ba zan manta da ranar da na sa mahaifiyata ta wanke gawayi ba.

Lokacin ban daɗe da fara koyarwa a Kafanchan ba, ina ji da Turancina kamar ni na ƙirƙiro shi. Mama kuwa sana'arta sayar da gawayi, ita ce kuma shugabar zumuntar mata a cocinmu. Wata Asabar muka ji labarai da Turanci a rediyo, ta tambaye ni me ake cewa. Ban ko yi tunani ba na ce, "Gwamnati za ta tallafa a riƙa samar da lantarki da gawayi mai tsabta."

Washegari bayan sujada ta sanar wa matan zumunta. Ta ce ɗanta malami ne ya fassara, don haka babu kuskure.

Ranar Litinin na dawo daga makaranta na tarar da tsakar gidanmu cike da mata da bahuna. Baƙin ruwa na gangarawa har titi, an shanya gawayi a kan buhuna, ana rera waƙar yabo. Sun shirya kai samfuri sakatariyar ƙaramar hukuma. Ni gogan naku har da gyara tsayuwa ina karɓar gaisuwa.

Sai ga maƙwabcinmu, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa. Ya ji bayani, ya koma gida, ya dawo da wani baƙin dutse mai ƙyalli.

"Malam, wannan ne rediyo ya faɗa," in ji shi. "Kwal, ba gawayi ba. A ƙasa ake haƙa shi, shi muka riƙa zuba wa jirgi. Tsabtan kuma ba na sabulu ba ne. Inji ne zai tace hayaƙi kafin ya fita."

Waƙa ta tsaya cak. Na ji kunya kamar in nutse, amma ba kaina nake ji ba. Mama nake ji, wadda ba a taɓa kama ta da magana biyu a zumunta ba, ga shi ta sa mata sun jiƙa kayan sana'arsu. Na ce, "Iyayena, laifina ne. Ban san bambancin ba, na ƙi in ce ban sani ba."

Mama ta juya dutsen a hannunta, ta dubi baƙaƙen hannayen ƙawayenta. Ta ce, "To, 'yan'uwa, gwamnati bai kira mu ba. Amma a duk Kafanchan, gawayin wa ya taɓa yin baftisma?"

Wata tsohuwa daga Kagoro ta yi dariya har ta zauna cikin baho. Aka ɗauki waƙa daga inda aka tsaya, aka jawo ni tsakiya, kowace ta shafa mini baƙin hannu a farar rigata. Na yi rawa ina hawaye don daɗi. Gawayin ya bushe cikin kwana biyu, Mama kuma ta ci gaba da shugabancinta.

Tun daga ranar, in ɗalibi ya tambaye ni abin da ban sani ba, a gaban aji nake ce masa ban sani ba, bari mu tambaya.