Kurmin Sallau

Yayana Sallau manomi ne a Dakko, kuma in za a faɗi gaskiya, ba wani gwanin noma ba ne. Gonar da ya gada tana gangarawa har bakin fadama, amma ɓangaren gangaren duk ya bar shi kurmi: giginya goma sha ɗaya, kanya, wani tsohon marke, da sarƙaƙiyar da ko akuya ba ta ratsawa. A nan zabin daji ke ƙwai, damo na shan hantsi. Gauraki kuwa su yini a fadama, da yamma su dawo kan marken. Duk kaka sai ya bar kunya uku na dawa bai girbe ba. In an tambaye shi ya ce, "Su ma gidansu na, mi za su ci?" Mutanen gari suka laƙaba masa Sarkin Gauraki, yana amsawa hankali kwance.

Da aikin dam na Bakolori ya kankama, sai muka ji motocin baje ƙasa sun fara ture itatuwa a gonakin wajen Birnin Tudu, za a yi hanyoyin ruwa. Kowa ya ɗauki gatari, gara mutum ya sare nasa ya amfana kafin mota ta iso. Ni da nake cin kasuwar Mafara duk Talata, gani nake na fi Sallau sanin duniya. Na same shi na ce, "Yaya, in ba mu sare ba mota za ta ture. Bari mu samu ko azara."

Ya ce, "Sanusi, wa yac ce maka har nan za su zo?"

Babu wanda ya ce mini. Amma na dage, har na zuga matarsa Adda Habiba ta sa baki. Da ya gaji, ya roƙe ni abu ɗaya, in bari damina ta wuce tsuntsaye su ƙyanƙyashe. Na ce babu lokaci. Wallahi har yau in na tuna yadda na faɗi maganar nan, kunya nake ji.

Kwana shida muka yi muna sara, ni da 'yan ƙodagon da na ɗauko. Sallau bai taɓa gatari ba, ya tafi Bakura wajen 'yarsa. Ranar da marken ya faɗi, gauraki suka zo da yamma suna ta kewaya wurin suna kuka, daga baya suka yi gabas.

Motocin sun zo bayan wata biyar. A gonar Bappa Nagode maƙwabcinmu hanyar ruwan ta karkata ta yi arewa. Ko tayar mota ba ta taka gonar Sallau ba.

Bai taɓa yi mini gori ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Ya ci gaba da barin kunyarsa uku har ya rasu, sai dai awakin gari ke cinyewa.

Tun lokacin saran ya ƙi karɓar ko azara ɗaya, ya ce in kwashe. Da su na rufe ɗakina. Duk safiya in na buɗe ido, giginyoyin Sallau nake fara gani.