Jan Kallabi a Shagon Kawu Minas

Ranar Talata, 9 ga Oktoba, 1962, ƙararrawar coci ta buga a hankali, aka ce Kawu Minas mai hoto ya cika. Ina tsakiyar karanta wani ɗan littafin soyayya, har yau ban sake buɗe shi ba.

Kawu, babu amarya a tsibirin Kalimnos da ba ta tsaya gaban akwatin hotonka ba, cikin doguwar rigar kakarta mai faɗin hannu. Kai ka san abin da ba mu sani ba: a hoton baƙi da fari, ja baƙi yake fitowa, baƙin kallabi kuwa na masu takaba ne. Shi ya sa ka ajiye kallabi ruwan ɗorawa a ƙusa. Duk wadda ta shigo da jan kallabi sai ka ce, "Cire, 'yata! Mijinki na can da ransa yana cin wake, ni ba zan mayar da ke mai takaba ba." A yi dariya, a sauya.

Da bazara na zo da jan kallabina, don in tari mijina Sakellaris da hoto in ya dawo daga nutson ɗebo soso a teku. Ciwo ya riga ya ci ka. Ka gyara mini wuya, ka tambayi yadda labarin da nake karantawa ya ƙare, ka manta da ƙusar. Da na dawo karɓa, ka ƙi haɗa ido da ni. "Bai fito ba," ka ce. "In na ji sauƙi mu sake."

Yanzu ɗanka Mikes ya jera hotunan da suka rage a taga, masu su su ɗauka. Ga ni nan da baƙin kallabi, ina fuskantar teku. Jiragen soso suna ta dawowa, nasu Sakellaris shiru. Jiya wata tsohuwa ta dubi tagar, ta kama hannuna ta ce, "Sannu da haƙuri, 'yar nan. Yaushe aka kawo labarin?"

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya sa ƙasa ta yi maka sauƙi, ya saka maka da ƙaryar da ka yi mini don tausayi. Allah ya ba matarka Inna Fotini da Mikes haƙurin rashinka.

Mikes, don Allah ka kifa hoton nan. Inna Fotini, ki ara mini kallabin da ke ƙusa, da shi zan tsaya a bakin ruwa.