Masuncin da Ya Ce Zai Jira Ƙananan Injuna

Har yau ban manta da wata Laraba cikin damina ba, lokacin ina ma'aikacin lafiya a wani ƙaramin asibiti a Haɗeja. Aikina jawabin safe: kafin a fara ganin likita, nakan tsaya a rumfar jira in wayar wa marasa lafiya da kai.

A makon ne likitarmu, Dakta Hajara, ta dawo daga taro ta ba mu labarin wasu injuna da ido ba ya iya gani, waɗanda ake sakawa a jiki su yi iyo da kansu, su kai magani daidai inda cuta take. Na ce Allah mai iko, ina ta rubutawa da ajami a littafina. Ana kiran azahar na miƙe, ban ji ƙarshen maganarta ba, cewa har yanzu a jikin dabbobi ake gwajinsu.

Ran Laraba na karanta wa jama'a abin da na rubuta, har na kwatanta injunan da tarwaɗa mai gano raminta komai duhun ruwa.

A cikinsu akwai Baba Ɗanjuma, masunci daga Guri, wanda tsargiya ta daɗe tana sa shi fitsarin jini. Aka auna tsayinsa da sanda, don da tsayi ake sanin yawan ƙwayoyin da mutum zai sha. Aka miƙa masa, ya ture.

"Ni kifayen Malam Isa zan jira. Waɗannan jiri suke sa ni."

Likita ta kira ni ofis, ta ƙarasa mini maganar da ban ji ba, cewa ɓeraye ake yi wa gwajin. "Malam Isa, mafitsarar dattijon nan ta fara taɓuwa. Kai ka ɗaura, je ka kwance."

Na iske shi a bakin ƙofa yana neman babur. Na rage tsawo na ce, "Baba, laifina ne, rabin magana na kawo muku. Ɓeraye ake yi wa gwajin, ba a iso kanmu ba."

Ya dube ni. "Wato layi ɗaya ka sa ni da ɓera?"

"Yana ma gabanka, Baba."

Ya yi dariya har da tari. Na sayo masa ƙosai, don ba a shan maganin da yunwa, ya yi bismillah ya haɗiye ƙwayoyinsa.

Ku ma'aikatan lafiya da kuke tasowa, mutanenmu sukan karɓi maganar mai farar riga kamar fatawa. Kada ku yi wa mai ciwo albishir da magani sai kun gaya masa ranar isowarsa. In babu rana, ku ce masa babu.