Ranar da Na Goge Gilashin Taubashina

Na fi shekara goma ina wanke gilashi a Parakou kafin taubashina ya ma san cewa sana'a ce. Kayan aikina ba su da yawa: tsanin ƙarfe, bokiti, garin sabulu, tsummoki biyu da muke kira shifon, da tsofaffin jaridu da nake saye a bayan kasuwar Arzeke. Tsohon da ya koya mini aikin mutum ne mai zafin rai, kuma abu ɗaya ya dasa mini a ka. Gilashin da ka bari da ɗigon ruwa ba ka wanke shi ba, jiƙa shi kawai ka yi. A wanke, a goge da shifon, a bi da jarida har sai ya yi ƙara a ƙarƙashin hannu. Da wannan na tashi, kuma da shi nake taƙama.

Rufin asirina wani otel ne mai hawa huɗu a kan hanyar Djougou. Sauran ayyukan na kantuna ne, yau akwai gobe babu, amma otel ɗin duk sati ina can. Da shi na yi aure, da shi nake ciyar da gida. Matsalar ɗaya ce, tsanina ba ya wuce hawa na biyu. Tagogin sama sun yi shekaru ba su ga ruwa ba sai na damina, kuma mai otel ɗin, wadda kowa ke kira Madam, takan yi mitar abin lokaci lokaci. Ni kuwa in ce mata ba tsanin da zai kai can a garin nan, in ci gaba da aikina.

Taubashin nawa ɗan goggona ne, ƙanwar mahaifina da ke aure a Djougou. Wata uku ne tsakaninmu, kuma tun muna ƙanana ba ma haɗuwa mu rabu ba mu tsokani juna ba. Shi yana ce mini ƙadangare, wai kullum ina maƙale a bangon mutane. Ni ina ce masa mai sana'a tara, don ya sayar da goro tare da ubansa ya gaji, ya ja zem, wato babur ɗin haya, ya gaji, ya buɗe shagon gyaran waya ya rufe. Da aka ce ya tafi Cotonou neman aiki, na ce ku ba shi wata biyu. Ya yi shekara biyu, ya dawo da inji.

Da babbar salla na fara ganin injin, da na je gaida Goggo. Na tarar da mutane sun cika ƙofar gida kamar ana rabon nama. A tsakiyarsu ga taubashina da wani abu a kan keken hannu mai taya biyu: kwalabe uku dogaye a jere, siririn tiyo, da sanda baƙa mai buroshi a kai, wadda ake zarowa tana ƙara tsawo kamar eriyar tsohuwar rediyo. Ya ce ruwan famfo yana bi ta kwalaben nan ɗaya bayan ɗaya, kowace ta tsame abin da za ta tsame, ya fito ba komai a cikinsa. Ya tsoma wani ɗan abu mai kamar alƙalami a ruwan rijiya, lamba ta fito. Ya tsoma a ruwan injin, aka ga sifili. Dattijai suka yi ta jinjina kai.

Daga nan ya miƙa sandar zuwa tagar benen maƙwabcinsu, yana tsaye a ƙasa da rigarsa ta salla, ya wanke ta tas cikin minti biyu. Ba sabulu, ba tsani, ko gumi bai yi ba. Na tuna sau nawa na kusa faɗowa daga tsani, na tuna gwiwata da ke ciwo idan an yi sanyi, sai raina ya ɓaci. Hassada ce, ba wani suna da zan ba ta. Mutumin da bai taɓa riƙe bokiti ba, yau shi ake yi wa da'ira a sana'ata.

Wani ya tambaye shi me ya sa ya bar tagar a jiƙe. Ya buɗe baki zai yi bayani, ni kuwa na juya na shige gida, don kada a ce an ga ƙadangare yana ɗaukar darasi wajen mai sana'a tara. Na ce wa Goggo ɗanta ya sayo injin ban ruwan bango. Ta yi dariya ta zuba mini nama.

Da bakina na jawo wa kaina sauran. Da na koma Parakou, ina ba mai gadin otel labarin injin ina kwaikwayon taubashina da sandar tsintsiya, ashe Madam tana bayan taga tana ji. Ta leƙo ta ce, "Sandar nan tana kai hawa na huɗu?"

Na ce, "Haka ya ce, Madam."

Ta ce, "To, kira shi. Ya zo ranar Alhamis ya wanke duka gidan in gani. In ya yi kyau, sai mu yi magana."

Na san ma'anar sai mu yi magana. Wanda ya iya sama ai ba zai kasa ƙasa ba, kuma ba mai otel ɗin da zai riƙe masu wanke gilashi biyu. Na kira shi muryata kamar ta mai isar da saƙon mutuwa. Shi kuwa murna ta cika shi, ya ce, "Ƙadangare, ashe kana da amfani."

Ya iso ranar Alhamis da hantsi, injin a ɗaure a kan motar haya. Madam ta fita unguwa, ta ce za ta dawo da la'asar. Ya haɗa tiyo da famfon tsakar gida, ya fara daga sama. Na zauna a kan tsanina da ke kwance ina kallo. Jan ruwa mai ƙura yana gangarowa daga tagogin da ban taɓa taɓawa ba, masu zem suna rage gudu suna ɗaga kai, har wata mai sayar da doya ta sauke kayanta ta tsaya. A shekara goma ba wanda ya taɓa tsayawa ya kalle ni ina aiki, sai dai a ce in matsar da tsani mutane su wuce.

Ya miƙo mini sandar ya ce in gwada. Na ce hannuna bai saba da wasan yara ba. Gaskiya ina so in riƙe ta, har yatsuna suna ƙaiƙayi, amma na naɗe hannu.

Da azahar ya gama da manyan gilasan ƙasa, na ƙofar shiga da na ɗakin karɓar baƙi, ya kashe famfo. Ruwa yana ta ɗiga a jikinsu. Ya ce mu je masallaci daga nan mu ci abinci. Na ce ya yi gaba ina zuwa.

Na tsaya ni kaɗai ina kallon gilasan nan a jiƙe, sai na ji zuciyata ta yi sanyi a karo na farko tun salla. Ga inda injin ya gaza. Ya iya jiƙawa, bai iya ƙarasawa ba. Na ce a raina, in Madam ta dawo ta ga sun yi ƙyalli, sai in ce mata cikin ladabi, ai ni na bi bayansa na goge, don injin ba ya aiki sai da hannun gwani. Ban yi niyyar ɓata masa aiki ba, wannan zan iya rantsewa. Niyyata in ɗora hannuna a kan aikinsa a ce nawa ne, kuma yanzu na san wannan ma ba abin kirki ba ne.

Na ɗauko shifon na bi gilasan gaba ɗaya bayan ɗaya, na bi da jarida har suka yi ƙarar da nake so. Mai gadi yana zaune a bencinsa yana kallona. Na tafi masallaci da sauƙin zuciya, har na tsokani taubashina a wajen cin abinci.

Da muka dawo rana ta juya tana dukan gaban otel ɗin. Tun daga tsallaken titi na ga abin da na yi. Tagogin sama sun bushe da kansu, sun yi garau har ka rantse ba gilashi a wurin. Na ƙasa kuwa, waɗanda na goge, sun yi hazo, da zane-zanen hannuna a kewaye kamar an shafa musu mai. Sabulun da ya yi shekaru a jikin shifon ɗina da tawadar jarida, duk na shimfiɗa su a kan gilashi mai tsabta. Daga baya na gane cewa ɗigon da nake tsoro, dattin da ke cikin ruwan famfo ne ke barinsa. Ruwan da aka tace ba ya barin komai, shi ya sa ba a goge shi. Wannan ne bayanin da na juya wa baya a Djougou. Abin da ya fi ƙona mini rai a lokacin shi ne, haka aikina yake tun fil azal, ban taɓa samun abin da zan gwada shi da shi ba ne kawai.

Kafin ɗayanmu ya yi magana motar Madam ta tsaya daidai ƙofa. Ta fito a gajiye, abin da ya fara tarar idonta shi ne gilashin ƙofar shiga. Ta shafa yatsa a kai, ta dubi taubashina.

Ta ce, "Wannan ne aikin injin?"

Taubashina ya matsa kusa. Ya duba gefen gilashin, ya tsinci ɗan guntun jarida da ya maƙale a jikin roba, ya murza shi a yatsa ya sa a aljihu. Ya dube ni sau ɗaya, ba da fushi ba. Kalma uku ce tsakanina da gaskiya, ni na goge. Na ji su a bakina. Na tuna matata da 'ya'yana, na tuna yadda aka yi masa da'ira a Djougou, sai na sunkuyar da kai ina gyara bokiti. Mai gadi ya mayar da fuskarsa titi.

Taubashina ya ce, "Pardon, Madam. Bai fito yadda ya kamata ba."

Da ya ce ta tsallaka titi ta ɗaga kai, da magana ta ƙare. Amma da ya yi haka, da ta tambayi abin da ya bambanta sama da ƙasa, kuma amsar tana tsaye a gefensa da bokiti a hannu. Madam ta ce an gode, ta sallame shi, ta ce da ni gobe in sake wanke ƙasan yadda na saba. Na taya shi ɗora injin a mota. Ya ce in gaida gida, na ce gida zai ji.

Aikina ya tsira. Na yi sati shida ina zuwa otel ɗin, kullum in iso in ga tagoginsa suna ƙyalli a saman nawa. Madam ofishinta a ƙasa yake, ba ta ɗaga kai. Bai kira ni ba, ni ma ban kira shi ba. Da abin ya ishe ni, wata Lahadi na hau mota zuwa Djougou, ina ta shirya maganar da zan faɗa tun daga tasha.

Ban same shi a gida ba, ya je aiki a wata makaranta. Goggo ta shimfiɗa mini tabarma, ta ce in shiga ɗakinsa in ɗauko mata buhun gero tunda ga namiji ya zo. A bayan ƙofa na ga sanda baƙa a jingine, sabuwa fil, tana cikin ledarta, da wasu kwalabe uku a kwali. Na fito na tambaye ta ko ya sake sayen wani injin ne.

Ta ce, "Ai tun farko biyu ya sayo. Ɗayan naka ne, ɗan yayana, bai gaya maka ba? Cewa ya yi in aikin otel ya samu, kai za ka riƙe Parakou shi ya riƙe nan, ka huta da hawan tsani. Ya so ya ba ka a gaban Madam ɗin taku. Da ya dawo ya ce mini aikin bai yi kyau ba, ya ba ka kunya a wurin aikinka, ba shi da fuskar da zai kawo maka maganar."

Ba zan ɓoye ba, abin da ya fara zuwa mini a rai shi ne, har biyu ya iya saya. Sai bayan wannan kunya ta sauko mini gaba ɗaya.

Ya dawo da yamma, muka gaisa a gaban Goggo kamar ba komai. Da zan tafi ya raka ni tasha. Sai da muka kusa isa na ce, "Ni na goge."

Ya ce, "Na sani."

Na ce, "Ban san ba a gogewa ba."

Ya ce, "Wannan ma na sani. Shi ya sa na jira ka faɗa a gabanta, don kuskure ne kawai. Shirun da ka yi ne ban san inda zan ajiye shi ba."

Muka ƙarasa tasha. Ya sama mini wuri kusa da taga, ya tsaya har direba ya tada mota. Bai yi maganar sandar ba, ni ma ban iya tambaya ba. Bayan wata biyu Goggo ta gaya mini a waya cewa ya ba da injin ga wani mutumin garin Bariénou da suka taɓa jan zem tare, wai mutumin ya iya aikin sosai. Ranar Alhamis ce, ina kan tsani lokacin da ta kira.