Sunan 'Yar Fari a Kwarin Ƙanƙara

Ni har yau ban gane abin da ke sa mutum mai hankali, mai ɗaki da bargo, ya ɗaura takalmi ya shiga yawo cikin dusar ƙanƙara ba. A garinmu in ka ga mutum yana tafiyar ƙasa, akwai inda za shi, ko gona, ko kasuwa, ko gaisuwar mutuwa. Amma 'yata ta fari, wadda na haifa a nan Greensboro ta Amurka, tafiyar ce kawai ke gabanta. Ta fara da duwatsun yammacin jihar nan tun tana jami'a, da ta samu aiki kuwa sai abin ya zama jiki. Wani hunturu ta zo gidanmu a McLeansville, nan gefen Greensboro, ta ce ta ɗauki hutu, za ta ƙasar Siwizalan, wani kwari tsakanin manyan duwatsu, ta yi kwanaki tana bin hanyoyin ƙafa ita kaɗai.

Na ce, "Ke, wa kika sani a can?"

Ta ce, "Nobody, Mama. Ai shi ne daɗin."

Da "ke" ɗin nan nake kiranta. Tun ranar da aka raɗa mata suna ban taɓa kama shi da bakina ba. Haka na tashi na gani, uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Haka uwata ta yi wa yayana har ta koma ga Allah, kuma kowa a gidan ya san duk cikinmu shi ne ranta. In ina magana da ƙaninta sai in ce "yayarka", da babanta kuma "yarinyar nan". A makaranta da asibiti shi ke magana, in ba ya nan in miƙa musu kati su karanta da kansu. Ko a addu'a ba na ambatar sunan, Allah ya san wadda nake nufi. Tana ƙarama ta taɓa tambayata da Turanci ko mantawa na yi da sunan. Na ce kunya ce. Ta ce kunyar me, ita ai ba ta yi laifin komai ba. Sai na tura ta wanke kwanoni.

Kafin ta tafi ta zaunar da ni ta karɓi wayata, ta sa mini taswirar kwarin da wani shuɗin ɗigo, ta ce ɗigon ita ce, duk inda ta taka zan gani. Ta nuna mini hanyoyin da ake buɗewa lokacin sanyi. Ta ce alluna masu ruwan hoda ne ke nuna su, kuma da sassafe wata mota ke bi tana danne dusar, kamar yadda ake daɓen ɗaki. Akwai ta ƙasa mai bin bakin kogi. Akwai wadda ke hawa ta cikin itatuwa zuwa wani ɗakin katako inda ake sayar da miya mai zafi. Sai ta sama, wadda ke wucewa ta gindin dutse, ita ce ake rufewa in dusar ta yi nauyi, don tana iya zaftarowa kan mutane. Na ce ta bar wannan. Ta yi dariya ta ce ita ce ta fi kyau. Na ƙulla mata dabino da citta da man zafi, ta manna lambar masaukinta a jikin firji, babanta ya kai ta filin jirgi.

Su can rana ta riga mu fitowa. Kafin in idar da sallar asuba, ita ta yi nisa a hanya. Sai in jingina wayar da gwangwanin sukari ina dama koko ina kallon ɗigon yana rarrafe. Cikin 'yan kwanaki na haddace kwarin nan fiye da yadda na san titunan tsakiyar Greensboro. Na san inda kogin ya lanƙwasa, na san gadar da take tsayawa ɗaukar hoto. Ni da ko tudu ba na son hawa.

Ranar da abin ya faru, mu ma a nan sanyin ya same mu. An kwana ana ruwa mai daskarewa, da gari ya waye komai ya zama gilashi, rassan itatuwa sun sunkuyo har ƙasa. A garin nan kuwa ko ɗan yayyafin ƙanƙara aka yi, makarantu sun rufe, burodi da madara sun ƙare a kanti. Babanta yana wurin aiki tun daren jiya, aka ce waɗanda ke ciki su ci gaba tunda masu canjinsu ba su da hanyar zuwa, wayoyinsu kuma a kulle suke ajiye su. Ƙaninta yana makaranta a wani gari. Ni kaɗai ce a gidan.

Da na duba, ɗigon yana kan hanyar sama. Na ja tsaki na ce yarinyar nan ba ta jin magana. Na gama kokon, na sha, na wanke kofi, na dawo, yana nan inda na bar shi. Na ce hutawa take yi. Na share falo na sake dubawa, bai motsa ba. Can sai layin hanyar ya koma ja, aka rubuta a kansa cewa an rufe. Na kira ta, wayar ba ta ma yi ƙara ba, sai muryar nan mai cewa a bar saƙo. Na kira babanta, shiru. Na kira ƙaninta, shi ma shiru, na san barci yake yi.

Ban san lokacin da na ɗauki makullin mota na fita ba. Ƙafata ta farko a kan matakala santsi ya kwashe ni, na zauna daɓas a ƙasa. Ina zaune a wurin, zanina yana jiƙewa, na tambayi kaina ina ma zan je da motar. Ko akwatin wasiƙun da ke bakin hanya ba zan iya kaiwa ba, balle wani kwari a bayan teku. Da rarrafe na koma ciki.

Na ciro lambar jikin firji na buga. Wata mata ta ɗauka, Turancinta mai nauyi kamar nawa. Na ce 'yata na masaukinsu, ta bi hanyar sama, wayarta ta mutu. Ta ce wace ce. Na ce baƙa ce, doguwa, da jar hula. Ta ce ita yanzu ta karɓi aiki, ba ta ga fitar kowa ba, kuma sunanta ne masu ceto za su fara tambaya. Na fara jero mata haruffan ɗaya bayan ɗaya, layin yana yankewa, tana maimaita mini wasu dabam. Daga ƙarshe ta ce, "Madam, ki faɗi sunan kawai, duhu ya kusa yi a nan."

Na duba falon, babu kowa, amma sai da na rage murya. Na faɗa. A shaƙe ya fito, har ta ce in sake, na sake. Na ji tana buɗe takardu, ta ce eh, ta fita tun safe ba ta dawo ba, za ta sanar yanzu, in jira kiranta.

Jiran nan ba na fatan ko maƙiyina ya yi irinsa. A nan rana ta fito tas, ƙanƙarar jikin itatuwa tana walƙiya, yaran maƙwabta suna ihun murna, can kuwa na san dare ya rufe ta. Na yi sallah ban san abin da na karanta ba. Na sake kiran wayarta, da aka ce in bar saƙo sai bakina ya buɗe da kansa. Ban ce ta kira ni ba, ban yi faɗa ba. Sunan kawai na yi ta kira, da ƙarfi, yadda mace ke yi in yaronta ya ɓace a kasuwa, har wayar ta katse ni. Kuka nake yi sosai, ba zan ɓoye ba.

Wajen la'asar matar ta kira. Ta ce an same ta a ɗakin katakon nan ita da wasu, iska ce ta taso suka juyo suka fake, sanyi ya kashe batirin wayarta. Da safe za su sauko. Na ce a ba ni ita, ta ce ba hali. Na yi mata godiya har na ji ta gaji. Da babanta ya dawo gab da magariba ya tarar ban ɗora tukunya ba, na ba shi labari, amma na tsallake maganar sunan.

Washegari ta kira ta bidiyo. Hancinta ya yi ja, leɓenta ya tsage, tana cin dabinona tana ba babanta labarin iskar tana dariya. Ina gefe ina shirya faɗan da zan yi mata. Sai ta daina dariyar.

Ta ce, "Mama, na ji message ɗinki."

Na kau da kai.

Ta ce, "Ban san haka yake a bakinki ba. Say it again. Sau ɗaya kawai."

Babanta ya dube ni, ya miƙo mini wayar, ya tashi ya shige ɗaki ya ja ƙofa. Daga ni sai ita. Wallahi na yi niyya. Na buɗe baki, sunan yana nan a kan harshena, ga ta lafiya lau tana kallona cikin ido, sai na ji kamar uwata na tsaye a bayana. Abin da ya fito shi ne, "Ke, kin ci abinci?"

Ta gyaɗa kai ta ce, "Na ci, Mama."

Da ta zo hutun sallah, wata rana da hantsi ina kicin ina tuƙa tuwo, na jiyo murya daga ɗakinta. Muryata ce, ina ta kiran sunanta ina kuka. Saƙon da na bar mata ya ƙare, ta mayar da shi farko. Na tsaya da muciya a hannu, tsakanina da ƙofarta ba nisa, na kasa shiga, na kasa komawa kan tukunyar, har na ji ƙaurin tuwon yana kamawa.