Talabijin ɗin Unaisi

Setareki taubashina ne, ɗan wan mahaifiyata, irin dangantakar da muke kira tavale. Tun muna yara ina da izinin zolayarsa, kuma ban taɓa barin izinin nan ya yi tsatsa ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa bas tsakanin Nausori da Suva, tsofaffin motocin nan marasa gilashi da injinsu ke ruri a gefen direba. Ya bar aikin da ciwon baya, da kunnen hagu da ya daina ji, da gidan kwano mai ɗaki biyu a bayan gari.

Ba wai bai taɓa mallakar komai ba. Yana mallaka, abin ne ba ya kwana. A wurinmu akwai kerekere: ɗan'uwa ya zo ya zauna a tabarmarka, ya sunkuyar da kai ya roƙi abu, kai kuma ba ka da bakin hanawa. Da haka muke rufa wa juna asiri, ni ma ta sha fisshe ni. Amma Setareki ne na farko a danginsu da ya kama albashi a gari, sai hanyar ta zama ta fita kawai. Injin yankan ciyawa ya tafi ƙauye aron mako ɗaya, yau shekara tara. Firiji ya tafi biki bai dawo ba. Takalmin da ya saya don zuwa jana'iza, a ƙafar wani ya halarci jana'izar.

"Tavale, ka kafa allo a ƙofa mana," in ce masa, "ka rubuta kantin kyauta."

"Bari kawai," haka yake cewa kullum, yana shafa ƙeya.

Matarsa Unaisi ta yi shekara arba'in tana waƙa a ƙungiyar mawaƙan coci, cikin mata masu kaurin murya. Bara ta faɗi a kicin, ɓarin jikinta na hagu ya shanye, magana ta tafi sai kalma ɗai-ɗai, ido kuma ya dushe. Cocin yana kan tudu, ba yadda za a kai ta. Ranar Lahadi ana nuna sujadar coci a talabijin, amma nasu bai fi faranti ba, muryarsa kuma kamar ana magana cikin gwangwani. Sai ta ɗan kalla, ta juya fuska bango. Setareki ya gaya mini wannan juyawar ta fi ɗaga ta da wanke ta gajiyar da shi.

Wata Talata ya zo rumfar da nake walda, da igiya a naɗe a hannu.

"Tavale, ara mini kunnuwanka zuwa kanti."

"Kai ma ka fara kerekere? Duniya ta zo ƙarshe."

Dala dubu ɗaya da ɗari uku ke aljihunsa, abin da ya rage daga kuɗin sallama bayan asibiti ya ci nasa. Kanti huɗu muka shiga. A kowanne sai ya ba ni bakin igiya in riƙe a jikin talabijin, ya ja da baya har ta miƙe, ya cire tabarau ya tsaya yana kallo. Tsawon igiyar shi ne daga gadon Unaisi zuwa bango, cire tabarau kuwa don ya gani da irin idonta. Masu kanti suna ƙunshe dariya, ni kuma kunya ta ishe ni.

A kanti na huɗu muka samu Satendra, mai sayar da kaya, mutum mai bakin da ba ya hutawa. Ya kunna mana wasu lasifikoki shida da wani fim, jirgi ya fashe, ƙasa ta girgiza har cikin haƙorana.

"Ka ji, maigida? Maƙwabta sai sun ɗauka guguwa ce!"

"Guguwa muna samunta kyauta," in ji Setareki. Ya miƙa masa wayarsa. "Sa wannan."

Waƙar coci ce da aka ɗauka tun Unaisi tana tsaye. A manyan lasifikokin ta fito da ruri, ba ka bambance mace da namiji. Setareki yana kallon fuskata, don shi rabin abin kawai yake ji. Na girgiza kai. Satendra ya shiga ciki ya fito da wasu guda biyu na katako, tsofaffin yayi, waɗanda wani ya dawo da su. Da ya haɗa, sai ga muryoyin mata a ƙasa, daban, tas.

"Ga su nan," na ce. "Har ina jin matarka tana rigan kowa shiga, kamar kullum."

Talabijin kuwa wanda aka daɗe ana nunawa a kantin muka ɗauka, inci sittin da biyar, ba kwali, da ƙarzuwa a kusurwa. Kuɗin ya isa da ƙyar, har na motar dako ni na cika.

A hanya Setareki ya faɗa mini sauran shirinsa. "Ka yi masa keji na ƙarfe, ka walde shi da ginshiƙin ɗaki. Abin da ba ya ciruwa ba mai roƙonsa." Na yi dariya har da hawaye, amma na yi aikin, kuma ban taɓa walda mai kyau irin ta ba.

Lahadi uku Unaisi ba ta juya fuska bango ba.

Ranar Asabar ta huɗu, da la'asar, ina gidansu sai ga Kawu Peniasi, ƙanin mahaifin Setareki, babban danginsu yanzu, da maza uku daga ƙauye. Suka zauna a tabarma, suka ajiye ƙunshin saiwar yangona a gabansu, wadda muke jiƙawa mu sha. Kowa ya san roƙon da ya zo da saiwa ba ƙarami ba ne. In ka ɗora hannu a kanta ka tafa, ka amsa ke nan.

Kawu ya yi magana a hankali, da ladabi, kamar yadda ake yi. Wasan ƙwallon rugby na ƙarshe yana tafe, ƙauye kaf za su taru a zaure, nasu talabijin ya mutu. Sun ji ɗansu ya samu babba. Mako ɗaya kawai.

Setareki ya shafa ƙeya. "Baba, da na so. Amma ka gani, a walde yake da ɗakin."

Kawu ya ɗaga ido ya dubi kejin, ya yaba aikin, sannan ya juyo kaina. "Ai ga wanda ya ɗaure nan zaune. Ɗan ƙanwata, kerekere, ɗauko injinka."

Ni da na shekara talatin ina yi wa mutum dariya, sai ga ni na miƙe. Ƙafafuna ne suka tashi, ban shawarce su ba. Har yau in na tuna raina yana ɓaci. Na kai bakin ƙofa ke nan na waiwaya. Labulen ɗakin ciki a ɗage yake, Unaisi tana jin komai, na ga ta fara juya fuska wajen bango. Setareki ma ya gani.

"Tavale, zauna."

Na zauna.

Ya sa hannayensa biyu a ƙarƙashin cinya, kamar yana tsoron kada su tafa da kansu. Kansa a ƙasa.

"Baba, ka yafe mini. A'a. Na Unaisi ne."

Ban taɓa jin an faɗi kalmar nan a kan tabarma, gaban saiwa ba, su ma haka. Kawu bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "To," ya ɗauki ƙunshinsa da kansa, suka fita. Setareki ya daɗe zaune a wurin, gumi ya jiƙa masa riga kamar ya tura bas.

An yi wasan, ba a aiko masa ba. Da aka yi rasuwa a ƙauye bayan wata biyu, a bakin wani direba ya ji. Ya je, aka gaishe shi da kyau, aka bar shi ya zauna shi kaɗai. Gidan da da ba ya rabo da baƙi yanzu sai ni. Abin yana cinsa, ya rame, kuma ba ya ɓoyewa. "Mutanena ne, Tavale," ya ce da ni. "Ban san gida yana yin shiru haka ba."

Lahadin da ta wuce na je da dafaffen rogo da kifi. Ya riga ya wanke ta, ya sa mata farar rigar mawaƙa, ya jingina ta da matashi uku. Fuskokin mawaƙan sun cika bango. Ya zube a kujera gefen gado, idonsa rabi a rufe don gajiya. Da mata masu kaurin murya suka shiga, yatsun hannunta na dama suka fara bugun katifa. Sai leɓenta ya motsa, ta faɗi wani abu.

Ta gefen kunnen hagunsa take, bai ji ba.

"Tavale," na ce, "matarka tana magana. Ta ce ka ƙara."

Ya dube ni, ya dube ta. Ya ƙara muryar. Sannan ya tashi da ƙyar, yana dafe da baya, ya juya kujerarsa, ya ba talabijin ɗin ƙeya, ya zauna da kunnensa mai ji a wajenta.