Mai Saye Tire Duka

A layinmu na Old Maiduguri an san ni da ƙarin gishiri. Ɓera zai gifta ta gabana, kafin na kai labarin gida ya zama ɗan akuya.

Lokacin da benaye suka fara tsirowa ta hanyar Dusuman kamar ciyawar damina, ni da ƙanwata muke kai wa leburori awara. Ƙarama ce sosai, hijabinta ma sai ta tattare kada ta taka. Da awarar nan muke ci tun da muka baro ƙauye.

Akwai ogan da ke kula da wani gini, tumbinsa kan riga shi shan kwana. Ranar farko ya saye tirena da nata duka, Mama har da guɗa. Kullum haka, amma ni ko kallo ban ishe shi ba.

Wata rana ya ce, "Ke babbar, je ki sayo min ruwan leda. Ke 'yata, hawo da tiren sama, can zan ci."

Saman nan kango ne, ba ƙyaure, ba kowa. Leburorin suka sunkuyar da kai, kowa ya ci gaba da kwaɓa siminti. Nan na gane akwai wata a ƙasa. Na damƙi hannun ƙanwata muka zuba da gudu, tiren ma a can muka bar shi.

"Mama, wallahi mutumin nan ba awara yake so ba."

"Ke dai! Jiya ma ai kura kika gani a bayi. Ina tirena?"

Ranar da nake faɗin gaskiya tsagwaronta, ranar aka ƙi ji na. Sai ƙanwata ta ce a hankali, "Ya ce zai saya min waya idan ban gaya wa Yaya ba."

Mama ta ajiye ludayin hannunta. Ba ta ƙara zancen tire ba.

Washegari da kanta ta kai awarar a roba. Oga bai sayi ko ɗaya ba, leburorin ma suka kau da kai. Mu muka ci ta da yamma, ta yi sanyi ƙalau. Ƙanwata ba ta sake taka wurin ba.

Mama ta ce ranar tana fitowa daga wurin ginin ta haɗu da wata yarinya da tiren gyaɗa za ta shiga, ta ce mata ta koma gida. Yarinyar ta ce an gaya mata kada ta dawo da saura.